Damargu: injin naka ne, asirinsa na wani

Akwai wata irin nadama da ba a cika faɗinta a bainar jama'a ba, ko da yake ta ci gidaje da dama tsakanin Tanut da Belbeji. Ita ce nadamar mutumin da ya ɗauki jarinsa, ko kuɗin sallamarsa daga aikin gwamnati, ya zuba cikin wata sana'a ta inji alhali bai san komai game da injin ba. Takardun saye suna ɗauke da sunansa, patanti shi ke biya, in an yi bashi ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa. To amma ranar da injin ya yi tari ya mutu, sai ya koma ɗan kallo cikin dukiyarsa, yana jiran abin da bakanike zai ce.

Duk wanda ya san garuruwan Damargu ya san wannan hoto: injin niƙa a rufe cikin rumfa, tsatsa tana cinsa, babbar mota a kan duwatsu, awaki suna kwana ƙarƙashinta, famfo da faifan sola a bakin rijiya, ba ɗigon ruwa. Galibi in aka tambaya sai a ce rashin jari ne, ko rashin sa'a, ko kuwa yaran gida ne suka ci amana. Duk waɗannan suna faruwa. Sai dai akwai wani dalili da masu dukiyar ba su son ambatawa, don yana taɓa girmansu: sun shiga sana'ar da hannunsu bai sani ba, kuma suka ɗauki wanda ya san ta a matsayin bara.

Abin da madugu ya sani

Damargu ba baƙuwar ciniki ba ce. Tun ƙarni na 19 ita ce rumbun hatsin mutanen Abzin, kuma ta cikinta ayarin da ke tasowa daga Tarabulus yake ratsawa zuwa Damagaram da Kano. Da geron Damargu ne Kel Ewe ke tafiya Fashi da Bilma su musanyo gishiri da dabino. Ɗan tarihin nan na Amurka, Stephen Baier, ya bi diddigin wannan ciniki cikin littafinsa na 1980 a kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar, kuma sunan attajirai irin su Malam Yaro na Damagaram bai ɓace ba har yau. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya karya bayan fataucin Sahara, amma bai kashe ɗabi'ar ciniki a jinin mutanen yankin ba.

Abin lura a wancan tsari shi ne, mai dukiya ya san kayansa. Attajirin da ya zauna a zaure yana aika barorinsa, shi ma a ƙuruciyarsa ya bi ayari, ya ɗaura kaya, ya kwana a bakin rijiya. In bara ya dawo ya ce raƙumi ya mutu a hanya, uban gida ya san tambayoyin da zai yi masa, ya kuma san amsar da ba ta kama hankali ba. In aka kawo masa gero, da hannu yake gane na bana da na bara. Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa bincikensa a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda dangantakar uban gida da bara take zama makaranta: baran yau shi ne uban gidan gobe, kuma ba ya samun jari sai ya ƙware. Ikon uban gida a kan bara, ashe, ba daga kuɗi kaɗai yake fitowa ba. Rabinsa daga sani yake.

Inji ne ya zo ya raba waɗannan abubuwa biyu. Mai kuɗi ya riƙe kuɗinsa, sani kuwa ya koma hannun wani yaro da ya yi shekara bakwai yana wanke sifana a garaji.

Daga biro zuwa kasuwa

Ma'aikatan gwamnati da suka manyanta ba su manta da shekarar 1987 ba. Kuɗin uraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, farin 1984 ya ƙara dagula al'amura, Bankin Duniya da asusun FMI suka matsa a rage nauyin albashi a kan baitulmali. Sai aka fito da shirin PAIPCE, wato shirin tallafa wa masu zaman kansu da samar da ayyukan yi. Manufarsa a fili take: ma'aikacin da ya yarda ya ajiye aiki da kansa, a ba shi kuɗin sallama ya je ya kafa sana'arsa. A takarda abin ya yi kyau. Gwamnati ta rage albashi, ƙasa ta sami sababbin ƴan kasuwa masu ilimin boko.

Amma wane ilimi? Makarantar da Faransa ta bari, wadda Nijar ta ci gaba da ita bayan 1960, an gina ta ne don ta fitar da magatakarda, malamin makaranta da kontabul. Yaron da ya yi ƙoƙari a Tanut, burin iyayensa shi ne ya shiga lise Amadu Kuran Daga ta Damagaram, daga nan ya wuce Yamai, ya dawo da biro da kujera. Makarantun fasaha kaɗan ne, irin su lise Ɗan Kasawa ta Maraɗi da makarantar ma'adinai ta Agadas, kuma a idon jama'a garaji wurin wanda karatu ya ƙi ne. Ga mutumin da ya girma cikin wannan tunani, an ce masa ya zama mai masana'anta. Ya iya rubuta wasiƙa mai ladabi zuwa ga sufurefe, ya iya tsara takardar neman rance da Faransanci mai kyau, ya iya jera lissafin riba na shekara biyar masu zuwa. Abin da bai iya ba shi ne ya saurari ƙarar inji ya gane ko lafiya take.

Zamanin ma bai taimaka ba. Bankin BDRN, wanda shi ne babban mai ba da rance a ƙasar, ya durƙushe a 1990. Tawayen arewa, wanda bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ya sa hanyar Damagaram zuwa Agadas ta zama abin tsoro ga masu motoci. Abokan cinikin da ake sa rai da su, wato ma'aikatan da suka zauna a bakin aiki, su ma sai a yi wata da watanni ba su ga albashi ba. Sannan aka wayi gari ranar 12 ga Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da ake saye sefa 50 ta koma sefa 100. Kayan gyaran da ake kawowa a kan jika hamsin ya koma jika ɗari cikin dare ɗaya, alhali matar da ke kawo niƙan gero ba ta da abin ƙarawa a kan kuɗin tiya. Da yawa daga cikin sana'o'in da aka kafa a wancan lokaci ba su yi tsawon rai ba.

Sai dai adalci ya sa a yi wata tambaya: wannan guguwa ta bugi kowa, me ya sa wasu suka tsira? Bakanike mai ƙaramin injinsa ya tsira, don in kayan gyara suka yi tsada yana iya ciro na tsohon inji, ya goge, ya ɗaura. Direban da ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar motarsa ya tsira, don shi ne direba, shi ne rabin bakanike. Wanda guguwar ta fi kayarwa shi ne wanda dole sai ya biya wani kafin a gaya masa abin da ke damun dukiyarsa.

Tsakanin inji da maganinsa

A nan ne yanayin Damargu yake ƙara wa ciwon gishiri. Tanut tana da nisan kusan kilomita 150 daga Damagaram, Agadas kuwa ta ninka haka. Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana can yamma cikin ƙasar Tarka. Ƙaramin ƙarfen da bai kai tafin hannu ba, in babu shi a Tanut sai Damagaram, in babu a can sai Kano, kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa. Kuma ba kullum hanyar ke buɗe ba: Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Kwanakin da inji ya yi a tsaye, mai shi yana ci gaba da ciyar da yaran aiki, bashi yana ci gaba da ƙirga kwanakinsa, masu niƙa kuwa sun koma wurin maƙwabci, kuma ba lalle su dawo ba.

Alal misali, a ɗauki injin niƙa mai aiki da gazuwal, wanda shi ne sana'ar da ta fi jan hankalin masu ƙaramin jari, don kowa ya san mata ba za su daina buƙatar gari ba. Injin ba shi da wuyar sha'ani, amma yana da haƙƙoƙi. Yana son a sauya masa baƙin mai a kan lokaci, gwargwadon awoyin da ya yi yana aiki. Yana son matatar iska mai tsabta, a ƙasar da hunturu ke cika ido da ƙura wata uku ko huɗu. Yana son gazuwal marar ruwa da datti, don ƙazantaccen mai shi ke kashe famfon da ke fesa man cikin inji, kuma wannan famfo yana cikin abubuwan da suka fi tsada a jikinsa. Farantan da ke niƙa hatsin suna dakushewa, sai an wasa su. In ba a wasa ba injin zai sha mai da yawa ya ba da gari kaɗan. Bel in ya saki, ƙarfi ya zube a banza. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya gagari mai takardar bakaloriya ya koya cikin wata guda.

To amma bai koya ba. Ya ɗauki yaro ya sa a kan injin, shi kuwa yana zuwa da la'asar karɓar ciniki. Yaron ya gane tun makon farko cewa mai gida ba ya iya bambanta sabon baƙin mai da tsoho, bai san lita nawa injin ke sha a yini ba, bai san tiya nawa ake niƙawa da lita guda ba. Ba sai yaron ya kasance ɓarawo ba kafin asara ta shigo. Ya isa a ce ba wanda ke tambayarsa. Kuɗin da aka ba shi na sauya mai ya biya wata buƙata da su yau, da niyyar zai mayar gobe. Bayan wata shida injin ya kama da wuta a ciki, a kira bakanike daga Damagaram, a biya masa mota da abinci, ya buɗe ya ce a sayo kaza da kaza. Mai gida ba shi da hanyar sanin ko gaskiya ne. In ya yi gardama, bakanike ya tattara sifanunsa. In ya yarda, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Daga nan zargi ke farawa, kuma zargin da ba shi da hujja ya fi sata saurin kashe sana'a, don yana korar mai gaskiya ya bar marar kunya.

Haka abin yake ga babbar mota, sai dai kuɗin ya fi yawa. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 kusa da Bakin Birji, cikin gundumar Tanut, matata mai ƙarfin ganga 20,000 a yini wadda kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60 cikinta, sufurin mai da na kaya ya ƙara kwarjini a idon masu kuɗi. Amma mota tana yin kwanaki nesa da idon mai ita. Taya, mai, lodi na gefe da ba a rubuta ba, duka suna hannun direba. Tsoffin masu sufuri sun san wannan, shi ya sa da yawansu daga karen mota suka faro.

Ruwa kuwa, wanda shi ne babban ciwon Damargu, yana da nasa darasi da ya riga na kowa. A shekarun 1981 zuwa 1990, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don ruwan sha, an haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a ƙasashen Sahel aka ɗora musu famfuna. Ba a jima ba da yawa suka tsaya, saboda ba a tanadi mai gyara a kusa ba, ba a kuma tanadi kantin kayan gyara ba. Sai daga baya aka gane cewa horar da masu gyara na ƙauye yana da muhimmanci daidai da haƙa rijiyar. Abin da gwamnatoci da masu ba da agaji suka koya da tsada, shi ne ɗan kasuwa ke sake koyo yau da kuɗin aljihunsa. Ruwan Damargu yana da zurfi ƙwarai. Famfon solar da aka saya don rijiya marar zurfi ba zai ɗago shi ba, komai kyawun kwalinsa. Wanda aka bari yana juyawa bayan ruwa ya ja baya kuwa ƙonewa yake yi. Faifan da ƙura ta rufe ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Mai sayarwa a Kano ba zai tambayi zurfin rijiyar ba in mai saye bai faɗa ba, mai saye kuwa bai san ana tambaya ba.

Bara ko abokin tarayya

Da wannan bayani wani zai ce, ashe wanda bai iya sifana ba kada ya kusanci inji. Ba haka ba ne. Mai jarin da ba shi da fasaha yana kawo abubuwan da bakanike ba shi da su, kuma ba ƙanana ba ne. Ya san kasuwa, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya, ya san ƙofar da ake bi a duwan da ofishin haraji, yana da sunan da zai sa a ba shi kaya a kan amana. Ƙwararrun kanikawa nawa ne suka tsufa cikin talauci don ba su iya riƙe littafin ciniki ba? Kowane ɗayansu yana riƙe da rabin sana'a. Matsalar ita ce ɗaya yana ganin rabinsa shi ne duka.

Abin mamaki, maganin yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman Damagaram tun kafin zuwan Nasara. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil duka sun yi bayanin kiradi: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo aiki, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi ko yadda aka daidaita, in asara ta zo ba da sakacin mai aiki ba, a kan dukiya take faɗawa, shi kuwa mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Malamai sun yi wannan hukunci ne a kan kuɗin fatauci, amma hikimarsa ta wuce nan. Wanda ke da rabo cikin riba ba ya buƙatar a tsare shi. Shi zai tuna da ranar sauya mai, don in injin ya tsaya tukunyarsa ce ta tsaya.

A wata duniya dabam ma haka aka yi. Lokacin da aka kafa kamfanin Apple a Amurka a 1976, Steve Wozniak ne ya ƙera kwamfutar, Steve Jobs kuwa ya san yadda za a sayar da ita. Kowannensu ya ɗauki kashi 45 cikin ɗari, sauran 10 suka ba mutum na uku, Ronald Wayne, wanda ya tsorata ya sayar da rabonsa a kan dala 800 bayan ƴan kwanaki. Jack Ma, malamin Turanci ne a birnin Hangzhou na ƙasar Sin, kuma bai taɓa ɓoye cewa bai iya rubuta manhajar kwamfuta ba. Amma da ya kafa Alibaba a 1999, shi da abokai 17 suka kafa shi, a matsayin masu kamfani. Ana yawan ba da labarin waɗannan mutane a tarurrukan matasa don a nuna cewa ba sai kana da fasaha ba. Abin da ake tsallakewa shi ne farashin da suka biya: sun yarda wani ya ci tare da su a akushi ɗaya.

Wannan farashi ne yake yi wa mai jari a Damargu nauyi. Tsohon shugaban ofis, wanda ya saba ana miƙe masa, yaya zai zauna ya raba riba da yaron da bai gama firamare ba, mai riga duk baƙin mai? Attajiri, wanda ubansa da kakansa suka yi barori, yaya zai sa hannu a takarda ɗaya da ɗan maƙera? Sai a zaɓi albashi ƙarami da alkawarin baki. Shi kuwa mai fasaha, da ya ga babu gaba a gidan, sai ya koyi abokan cinikin, ya tara ɗan abin da ya tara, wata rana ya buɗe tasa rumfar a tsallaken titi. Mai gida ya kira wannan butulci. A tsohon tsari kuwa sunansa yaye, kuma uban gida da kansa yake ba da jarin.

Dokar zamani ba ta hana komai ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar OHADA a 1993, kuma dokar kamfanoni ta wannan ƙungiya, wadda aka sabunta a 2014, ta buɗe hanyoyin da mutum biyu za su haɗa kamfani kowa da rabonsa a rubuce. Ko ba a je gaban notaye ba, takarda guda da shaidu biyu, mai faɗin wa ya kawo me, wa ke sayen kayan gyara, yaya za a raba riba, kuma yaya za a rabu in zama ya ƙi, ta fi rantsuwa goma. Ma'aikacin gwamnati, wanda duk rayuwarsa takarda ce, shi ya fi kowa sanin haka. Amma sau da yawa shi ne yake jin kunyar neman a rubuta, musamman in yaron ɗan ƙanwarsa ne.

Sabon inji, tsohon ciwo

Yau injin ya sauya kama. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar a farkon shekarun 2000, sannan jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa suka buɗe a 2010, an sami samari masu digiri a fannin shari'a, tattalin arziki ko labarin ƙasa, waɗanda suka san gwamnati ba za ta ɗauke su duka ba. Burinsu shi ne sabon kamfanin fasaha: manhajar da za ta haɗa makiyayin Belbeji da mai sayen rago a Yamai, ko ta gaya wa manomi farashin gero a kasuwar Bakin Birji kafin ya ɗaura wa jaki kaya. Tunanin yana da kyau, buƙatar ma gaskiya ce. A Yamai akwai cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni, ana kuma shirya gasa ana ba da kyaututtuka.

Sai dai saurayin da ke da tunani amma bai iya rubuta manhaja ba, yana tsaye ne daidai inda mai injin niƙa ya tsaya a 1987, har ma nasa ya fi duhu. Injin niƙa ana ganinsa, ana jin ƙararsa, in ya yi hayaƙi kowa ya shaida. Manhaja kuwa in mai rubuta ta ya ce aikin wata uku ne, ba mai musa masa. In ya ce an kusa gamawa, sai a ci gaba da jira. In ya sami aiki a Dakar ko Abijan ya tafi da mabuɗan sirrin a kansa, abin da ya rage wa mai kamfani shi ne suna da tambari. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Kuɗin gasa sun ƙare a kan abin da ba a iya nunawa.

Ba banza ba ne sunan da ya fi fita daga Nijar a wannan fage ya kasance na mai fasaha. Abdu Maman Kane, wanda ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa da wayar salula, manomi yana kunna famfon gonarsa daga nesa, masanin kwamfuta ne, kuma da wannan aiki ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu a 2015. Shi bai jira kowa ya gaya masa abin da zai yiwu ba. Wanda ba shi da irin wannan sani yana da hanya biyu: ya nemi abokin tarayya na gaskiya, ko ya rage buri ya fara da abin da hannunsa ya iya. Dillalan dabbobi da yawa suna cinikinsu yau da hotuna da saƙon murya ta WhatsApp, kuɗi kuwa su bi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, ba tare da an rubuta musu wata manhaja ba.

Abin da ake nadama a kai

In tsoffin da suka bi wannan hanya suka yi maganar da-na-sani, ba kasafai suke cewa da ba su fita daga aikin gwamnati ba. Sun ga abokansu da suka zauna suna bin bashin albashi a shekarun 1990, sun san can ma ba aljanna ba ce. Abin da ke cin su ya fi haka ƙanƙanta, shi ya sa ya fi zafi. Wata shida da za su yi a garaji kafin su sayi injin, ba su yi ba, don kada a gan su da datti. Kuɗin sallamar duka suka zuba cikin saye, ba su ware na gyara ba, kamar wanda ya sayi doki bai tanadi harawa ba. Aljihun gida da akwatin ciniki suka zama ɗaya, suna, biki da sallah duka daga injin. Sannan yaron kirkin da ya yi musu shekara uku, wanda da an ba shi sulusi da yana nan, suka bar shi ya tafi a kan ƙarin albashin da bai kai kuɗin buhun gero ba.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga littafi. Abokin karatunsa da ya zauna a biro ya hau matakai, ya yi ritaya da fansho komai ƙanƙantarsa. Shi kuwa da sana'ar ta faɗi, shekarunsa sun wuce na komawa aiki, iliminsa na ofis ya tsufa, sai ya koma rubuta wa mutane takardu a bakin ma'aikatar magajin gari, ko neman kwantiragin wata shida a wata ƙungiyar agaji. A garin da kowa ya san kowa, ana ci gaba da kiransa da tsohon muƙaminsa, kuma ba kullum don girmamawa ba.

Wasu daga cikinsu sun ɗauki fansa ta hanyar ƴaƴansu. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, ana koyar da gyaran inji, walda da aikin lantarki, kuma yanzu ba abin mamaki ba ne a ga ɗan tsohon kontabul a cikinsu, ko yana bin wani mai haɗa sola yana riƙe masa tsani. Uban da ya ƙi taɓa sifana a 1987 shi ne yake biyan kuɗin kayan aikin, kuma in an kira yaron gyara a wani ƙauyen Tarka, shi ke rubuta masa takardar farashi da Faransanci.